Daga ƙwai zuwa ɓawo cikin kwana ɗaya: jagorar haɗa ƙwan kawa da bin girmansa a ɗakin gwaji

Bahaushe ya san wuri tun kafin ya san teku. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka kwaso shi. An yi ciniki da shi, an biya sadaki da shi, amma ba kowa ya damu da cewa gidan wata dabba ce mai taushin jiki ba, 'yar uwar dodon koɗi da kawa, wato dabbar bakin teku mai ɓawo biyu. Ita uwar wuri a kan ƙwanta take kwanciya, ta rufe shi da ƙafarta har ya ƙyanƙyashe. Kawa kuwa ba ta wannan wahalar. Watsa ƙwanta take yi cikin ruwa, namiji ya watsa maniyyinsa, su gamu a can. Wannan hali nata shi ya sa take cikin dabbobin dangin da suka fi sauƙin koyo, domin duk abin da ke faruwa a ɓoye cikin cikin wasu dabbobi, nata a fili yake faruwa, cikin kofin gilashi, a gaban idonka.

William Keith Brooks na Jami'ar Johns Hopkins ne ya tabbatar da haka a 1879, lokacin da ya yanka kawar Amurka, ya gauraya ƙwai da maniyyi a ruwan teku, ya ga sun fara rabuwa. Abin da za mu yi ke nan. Alƙaluman da zan bayar na kawar tekun Fasifik ne, Crassostrea gigas, wadda aka fi kiwo a duniya. Ta bakin tekunmu, Crassostrea tulipa, wadda ke manne a saiwoyin itatuwan bakin ruwa daga Senegal har Angola, wadda mata ke tsinta a bakin kogin Densu kusa da Akara da fadamar Tanbi ta Gambiya, hanya ɗaya ake bi da ita. Sai dai ta fi son ɗumi, kuma a ruwa mai ɗumi komai ya fi sauri.

Kayan aiki da ruwa

Kana bukatar madubin duba ƙananan halittu mai ƙara girma sau 40 da sau 100, gilasan ɗiga samfur, wuƙar buɗe kawa, reza ko wuƙar tiyata, bututun ɗiga ruwa da yawa, kofunan gilashi, bokitin roba mai lita 10, ma'aunin zafi, ma'aunin gishiri, da agogo. Sai rariya uku na yadin nailan: mai ido maikuron 75 zuwa 90, mai 20, da mai 40. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ana yin rariyar da hannu: a yanko guntun bututun roba mai faɗi, a manna yadin a bakinsa.

Ruwa shi ne rabin aikin. In kana Legas ko Fatakwal ko Kef Kos, ɗebo ruwan teku mai tsabta, ka bar shi ya kwanta, ka tace shi da matata mafi ƙanƙantar ido da ka samu, maikuron 1 in da hali. In kana Zariya ko Yamai, sayi gishirin da masu kiwon kifin teku na ado ke amfani da shi, ka narka kimanin giram 30 a kowace lita ta tataccen ruwa, ka bar iska na shiga cikinsa kwana guda. Gishirin miya ba zai yi ba, don babu sinadarin alli da sauran abubuwan da ɓawo ke bukata a cikinsa. Kawar Fasifik tana son gishiri giram 25 zuwa 32 a lita da zafi digiri 25. Ta bakin tekunmu kuwa, auna ruwan inda aka tsinto ta, ka kwaikwayi wannan.

Kada tagulla ko farin ƙarfe mai tutiya su taɓa ruwan, kada kuma a wanke kofi da sabulu a bar ɗigonsa. Ɗan abin da ba zai dami babban kifi ba yana iya hallaka ƙwai miliyan.

Mataki na farko: zaɓen uwa

A nan nake so ka daɗe, domin yawancin gwajin da ya lalace tun a nan ya lalace. Daga lokacin da maniyyi ya shiga ƙwai har jinjirin kawa ya yi ɓawo ya buɗe baki, ba ya cin komai. Guzurin da uwa ta ɗura masa shi kaɗai yake ƙonawa. In guzurin bai cika ba, babu dabarar ɗakin gwaji da za ta cike shi.

Kawa ba ta da kwan mahaifa guda a ware kamar kaza. Wurin yin ƙwanta wasu ƙananan jakunkuna ne masu rassa da suka lulluɓe kayan cikinta. A bangon kowace jaka akwai ƙwayoyin halitta na asali, su ne ke rarrabuwa su yi yawa, sannan wasu su daina rabuwa su shiga girma. Ƙwai mai tasowa yana manne da bangon ta wani ɗan siririn wuya, shi ya sa siffarsa take kamar ta gora. Kafin lokacin, uwa ta tara wani irin sitaci da ake kira gilaikojin a naman jikinta daga ƙananan tsirran ruwa da take tacewa. In lokaci ya yi sai ta juya wannan ajiya ta zama mai, ta haɗa da furotin, ta ɗura wa ƙwai a matsayin gwaiduwa. Da ƙwai ya ƙoshi sai ya saki bango ya faɗa tsakiyar jaka yana jira. Faɗinsa a lokacin maikuron 50 zuwa 55 ne, wato ashirin a jere kafin su cika milimita ɗaya, kuma babbar mace guda tana iya zubar da miliyan 50 ko fiye a zubi ɗaya.

A ƙasashen sanyi zafin ruwa ne ke kaɗa wa wannan aiki ganga. Yana farawa in ruwa ya haura digiri 10, zubin ƙwai kuma sai ya kai wajen 20. Saboda haka gidajen ƙyanƙyasa suke ajiye iyaye makonni shida zuwa takwas a ruwa mai ɗumi suna ciyar da su sosai, hanyar da Victor Loosanoff da Harry Davis suka daidaita a ɗakin gwaji na Milford da ke Amurka. A yankinmu ruwa ba ya sanyi, don haka ana samun masu ƙwai a yawancin watanni, sauyin gishiri da damina ke kawowa shi ne ya fi tasiri. Ka tambayi masu tsinta, sun san watan da naman ya fi cika. Ka kuma kiyaye dokarsu: a Densu da Tanbi akwai watannin da ake rufe tsinta gaba ɗaya don kawa ta hayayyafa.

Samo guda goma zuwa goma sha biyu, manya da matsakaita. Ba a gane jinsi daga waje, kuma kawa tana sauya jinsi: da yawa suna fara balaga a maza, daga baya su koma mata. In ka ɗebo ƙanana kaɗai, kana iya tashi da maza zalla. Tana jure tafiyar kwana biyu ko uku ba ruwa in an rufe ta da jiƙaƙƙen buhu a wuri mai sanyi, ɓangaren da ya yi kwari yana ƙasa. Kada ta kwanta cikin narkakkiyar ƙanƙara.

Mataki na biyu: buɗewa da tantancewa

Goge ɓawon da buroshi. Riƙe ta da tsumma, sa wuƙa ta wajen maɗaurin baya, murɗa, sannan ka bi da wuƙar ta ƙarƙashin murfin sama ka yanke tsokar da ke riƙe da shi. Wadda ta nuna za ka ga jikinta ya cika fari kamar kindirmo, da wasu siraran jijiyoyi masu rassa a sama. Wadda ta riga ta zubar, jikinta ruwa-ruwa ne, har kana hango duhun kayan ciki. Ajiye wannan gefe.

Tsaga fatar sama kaɗan da reza, ɗauki ɗigo, sa a gilashi da ɗigon ruwan teku. Na mace yana warwatsewa tsaba-tsaba kamar garin gero, na namiji yana bazuwa kamar madara. Madubi zai tabbatar maka. Ka ware maza a tire ɗaya, mata a wani, kuma tsakanin kowace kawa da ta gaba ka wanke wuƙa da hannunka da ruwan daɗi, domin ruwan daɗi yana kashe maniyyin kawa nan take. In ka yi sakaci da wannan, ƙwai zai haɗu da maniyyi tun ba ka duba agogo ba, lissafinka duka ya rushe.

Mataki na uku: tatsar ƙwai, da jira

Zaɓi mata biyu ko uku da suka fi cika. Yi tsaga marasa zurfi a jere, ka wanko ƙwan da ruwan teku cikin kofi. Kada rezar ta nitse har ta huda kayan ciki mai launin ƙasa-ƙasa, ruwansa yana ɓata ƙwai. Zuba ta rariya mai ido 75 don ta tare guntayen nama, ka tari ƙwan a kan mai ido 20 wadda gindinta ke cikin ruwa, ka ɗauraye a hankali, ka juye cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Yanzu duba ɗigo. Za ka ga ƙwai masu siffar gora, kowanne da wani babban fili mai haske a tsakiya kamar farin wata. Wannan cibiyar ƙwai ce, kuma ganinta yana nufin ƙwan bai shirya ba. Kowane ƙwai sai ya rage zaren gadonsa, wato kuromosom, zuwa rabi kafin ya haɗu da na uba, ta hanyar rabuwa biyu a jere. A cikin uwa, ƙwan kawa yana tsayawa cak a bakin rabuwar farko. Ruwan teku ne ke tashinsa. Cikin minti 30 zuwa 60 zai dunƙule ya zama kamar ƙwallo, farin watan ya ɓace, ya ɗan matsa gaba a rabuwar, ya sake tsayawa yana jiran maniyyi. Wannan jiran shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa, sai su sami ƙwai da maniyyi da yawa suka shige shi. Duba kowane minti goma. Sai mafi yawa sun dunƙule za ka ci gaba. In bayan awa ɗaya da rabi yawancinsu ƙanana ne, masu kusurwa, ba su sauya ba, uwar ba ta nuna ba, ka koma kan wata.

Ba duk dangin ke yarda da tatsa ba. Wasu sai an lallashe su sun zubar da kansu, domin a hanyar fita ƙwansu ke ƙarasa nuna. Akan sauya musu ruwa mai sanyi da mai ɗumi a kai a kai, ko a yi musu allurar sinadarin serotonin, kamar yadda Matsutani da Nomura suka nuna a Japan a 1982. Ga dodon koɗin teku da ake kira abalon, Daniel Morse ya gano a 1977 cewa ɗan sinadarin haidurojin feroksaid a ruwa yana sa shi zubi.

Kafin jiran ya ƙare, ƙirga. Motsa ruwan sama da ƙasa, ɗauki kashi ɗaya cikin goma na mililita, ƙirga sau uku ka ɗauki matsakaici. Misali in ka sami 150, kana da 1,500 a kowace mililita, wato miliyan ɗaya da rabi a litar.

Mataki na huɗu: haɗawa

Sai yanzu za ka tatsi maza, biyu ko uku, don maniyyi ba ya daɗewa, a yi amfani da shi cikin awa ɗaya. Tace shi, bar shi minti goma a ruwan teku, duba a madubi. Mai kyau yana tafasa kamar tururuwa. Kafin ka zuba, ɗebi ɗan ƙwai a wani kofi dabam wanda maniyyi ba zai taɓa ba. Shi ne shaidarka. In ƙwan cikinsa ya rabu, ka san an sami gauraya tun farko.

Zuba mililita biyu ko uku na ruwan maniyyi mai launin tsinkakkiyar madara cikin litar ƙwai, motsa, rubuta lokaci. Bayan minti biyar duba: in kana ganin maniyyi biyar zuwa goma suna kewaye da kowane ƙwai, ya isa. In babu, ƙara kaɗan. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce ba ta yiwuwa. Bayan minti goma sha biyar, ɗauraye ƙwan a rariya mai ido 20 don rarar maniyyi ta tafi, sannan ka watsa a bokiti. Ga mai koyo, ƙwai 30 a kowace mililita ya wadatar. A misalinmu, mililita 200 ke nan cikin lita 10. Ba a sa iska mai ƙarfi a daren farko.

Mataki na biyar: zama gaban madubi

A digiri 25, wajen minti 15 zuwa 20, wani ɗan ƙullutu mai haske zai ɓullo a saman ƙwai. Rarar kuromosom ce ƙwan ya tofar, kuma ita ce alamar farko cewa haɗuwa ta yi. Na biyu yana biyo baya wajen minti 30 zuwa 40. Wurin da suka fito shi ne saman ƙwai, da shi za ka riƙa gane sama da ƙasa. A wannan ɗan tsakanin ne masana suka koyi hana ƙullutu na biyu fita, a 1981 Stanley da Allen da Hidu suka samar da kawa mai kuromosom ninki uku, wadda kusan ba ta haihuwa, don haka namanta ba ya zubewa a lokacin zafi.

Kusa da cikar awa ɗaya abin da na fi so zai faru. Ƙasan ƙwai zai kumburo ya yi tozo, sama kuma ta tsage biyu, har na ɗan lokaci ka ga dunƙule uku kamar duwatsun murhu. Mai koyo yakan ɗauka ƙwaya uku ce. Biyu ne, na ukun tozo ne, babu cibiya a cikinsa. Cikin 'yan mintoci zai narke cikin ɗaya daga biyun, ta fi 'yar uwarta girma. A rabuwa ta biyu a sami huɗu, waɗanda masana ke kira A, B, C da D, kuma D ce ta gaji kayan tozon. Henry Crampton a 1896 ya cire wannan tozo daga ƙwan wani dodon koɗin teku mai suna Ilyanassa, Edmund Wilson ya yi haka a 1904 da wata 'yar dangin mai suna Dentalium. Ƙwan ya ci gaba da rabuwa, amma jinjirin ya fito da naƙasa, manyan sassan jikinsa babu. Binciken da ya biyo baya a kan Ilyanassa ya nuna ba ya yin ƙafa, ba ido, ba zuciya, ba ɓawon kirki. Ma'ana, uwa ba abinci kaɗai ta ɗura wa ƙwai ba, har da umarnin inda baya zai kasance da inda ciki zai kasance, ta ajiye shi a wuri guda tun ƙwan yana manne a bangon jaka.

A rabuwa ta uku, ƙananan ƙwayoyi huɗu za su fito a sama. Lura da zamansu: ba a kan manyan kai tsaye suke hawa ba, a kwarin da ke tsakaninsu suke zama, kamar yadda mai lemo ke jera kashi a tire. Sun karkata ta hannun agogo in ka duba daga sama, zubi na gaba ya karkata ta ɗaya hannun, haka bi da bi. Wannan murɗaɗɗiyar rabuwa ita ce tambarin dangin, suna tarayya a kanta da tsutsotsin teku masu gaɓoɓi. Edwin Conklin ya bi ta ƙwaya bayan ƙwaya a ƙwan wani dodon koɗin teku mai suna Crepidula a Woods Hole da ke Amurka, ya wallafa a 1897, ya nuna cewa ƙwaya guda daga zuriyar D, wadda ake kira 4d, ita ce tushen yawancin naman tsakiyar jiki. Zana abin da ka gani da fensir kowane minti goma sha biyar. Hoton waya yana da amfani, amma zane ne ke tilasta wa ido ya ƙirga.

Daga nan ƙirga ta gagara. Wajen awa huɗu zuwa shida dunƙulen zai tsiro gashi ya fara juyi, ya taso saman ruwa. Wannan dama ce: tsiyaye ruwan sama zuwa sabon bokiti, ka bar matattu da marasa haɗuwa a ƙasa kafin su ruɓe. Wajen awa 10 zuwa 12 ya zama jinjirin da masana ke kira turokofo, mai ɗamarar gashi a ƙugu, yana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa. A bayansa akwai ɗan wuri da ya lotsa sannan ya baje, daga nan ɓawo ke fara fita.

Dabbar teku mai hannu takwas, wato oktofus, da 'yan uwanta masu hannaye, duk da dangi ɗaya ne, ba sa bin wannan hanya. Ƙwansu babba ne cike da gwaiduwa, rabuwa a ɗan faifai take faruwa a samansa, kuma ɗan yana fitowa da kamannin iyayensa.

Mataki na shida: washegari

Tsakanin awa 18 da 24, zuba ruwan bokitin a hankali ta rariya mai ido 40, gindinta cikin ruwa. Abin da ya rage kamar ƙura ce mai ɗan ƙyalli. A madubi za ka ga ɓawo biyu masu haske sun rufe jiki, maɗaurinsu miƙaƙƙe, siffar harafin D sak, tsawon maikuron 70 zuwa 75. Lokaci-lokaci zai buɗe ya fito da wani faifai mai gashi, da shi yake iyo, da shi yake janyo abinci.

Ɗiga ɗan giyar gwaji ko sinadarin fomalin a samfur don su tsaya, ka ƙirga ɗari. Raba su uku: masu cikakken D, masu naƙasa, da waɗanda ba su yi ɓawo ba. Naƙasa tana bayyana a maɗauri da ya lotsa ciki, ko baki mai giɓi, ko nama da ya leƙo waje ɓawon ya kasa rufe shi. Sannan ka kwatanta yawan masu kyau da yawan ƙwan da ka zuba jiya. In shaidarka ba ta rabu ba, rabuwar jiya ta tafi daidai, amma yau naƙasa ta yi yawa, tuhumi ruwa. In tun jiya rabuwar ta zo a hargitse, ƙwaya uku ko biyar a tashi ɗaya, maniyyi ya yi yawa ko ba ka jira ba. In komai ya tafi daidai amma jinjirayen ƙanana ne, marasa kuzari, koma kan uwa.

Batun ruwa ba ƙarami ba ne. A kwana biyun farko jinjiri yana gina ɓawon alli da ya zama mafi yawan nauyin jikinsa, da guzurin ƙwai kaɗai. In ruwa ya yi tsami saboda iskar kabon, ginin yana cin ƙarfi fiye da abin da ke cikin guzurin. A 2007 da 2008 gidan ƙyanƙyasa na Whiskey Creek a jihar Oregon ta Amurka ya yi ta asarar jinjiraye, aka fara zargin ƙwayoyin cuta, daga baya aka gano ruwan ƙarƙashin teku mai tsami ne ke tasowa bakin gaɓa. Sun shawo kan abin da auna ruwa da gyara shi da sinadarin soda kafin ya shiga tankuna. Don haka ka auna tsamin ruwanka tun kafin ka buɗe kawa ta farko, ya kasance kusa da 8 a ma'aunin pH.

In kana son ci gaba, mayar da masu kyau cikin sabon ruwa, biyar zuwa goma a kowace mililita, ka fara ba su ƙananan tsirran ruwa irin su Isochrysis da Chaetoceros a ranar, don guzuri ya kusa ƙarewa. Sauya ruwa kowane kwana biyu, kana ƙara girman idon rariya yayin da suke girma. Cikin mako biyu zuwa uku, in sun kai maikuron 300 zuwa 330, baƙin ɗigon ido zai bayyana a kowane gefe, ƙafa ta fito tana lalube. A ranar ka zuba wankakkun tsofaffin ɓawon kawa a gindin bokitin, a kansu za su manne.